Jijiyar Hannun Bhargavi

Na dawo gida hutun Onam, babban bikin girbinmu, daga Maskat, inda nake aikin jinya, na tarar Inna ta kwashe shimfiɗarta daga ɗakin Baba ta koma ɗakin ajiyar shinkafa. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce munsharinsa ne ya ishe ta.

Na ce, "Tun kafin a haife ni kike jin munsharin nan, sai bana ya ishe ki?"

"Bana na tsufa, Vilasini. Miƙo mini kwakwar can."

Babana, Damodaran Vaidyar, shi ne mai maganin gargajiya irin na Ayurveda a ƙauyenmu da ke bakin kogin Nila. A wurin ubansa ya gada, shi ma uban a wurin nasa. Kumburin gwiwa, sanyin ƙashi, gyambon ciki, fatar da ta ƙi warkewa, duk wurinsa ake kawowa. Yakan ɗora yatsunsa a wuyan hannun mutum ya lumshe ido, ya ce wannan jijiyar tana tafiyar maciji, waccan tana tsallen kwaɗo, daga nan ya san abin da zai dafa. Abin ya zame masa jiki, har duk wanda ya miƙo masa shayi da safe sai ya riƙe hannunsa tukuna. A wannan zuwan na lura Inna a kan dakali take ajiye masa shayin, ta juya kafin ya ɗago.

Ranar bikin da sassafe na same ta a bayan gida kusa da rijiya, tana fama ta shafa mai a kanta da hannu ɗaya. Na hagun ya ƙi ɗaguwa. Na karɓi kwalbar na ce bari in taya ta, ta ce a'a, na ƙi ji. Da zanen ya zame daga kafaɗarta sai na gani. Fatar nonon ta motse kamar ɓawon lemo, kansa ya shige ciki. Na sa hannu a hammatarta, can ma na ji ƙulalai.

"Inna, tun yaushe?"

"Tun daminar bara."

"Kina gida ɗaya da mai magani, 'yarki tana aikin asibiti, kika yi shiru?"

Ta ja zanenta ta rufe, ta zauna a bakin rijiyar. Ta ce lokacin tana yarinya ƙarama, uwarta ta yi irin wannan ciwon. Babu asibiti a kusa a zamanin, sai aka ɗoro ta a amalanke aka kawo ta gidan nan wurin kakana. Ya kwantar da ita a gadon katakon da ke ɗakin magani, wanda ake shafe marasa lafiya da mai a kansa, ya zuba mata wani ruwan toka mai cin nama don ya ƙone abin. Iyakar abin da ya sani ya yi. Ita kuwa Inna an zaunar da ita a matakalar ƙofa da ayaba a hannu, tana jin komai. Uwar ba ta ga girbin shekarar ba.

"Ɗakin nan ban taɓa shigarsa ba tun da aka kawo ni gidan ina amarya," in ji ta. "Ke ba ki lura ba?"

Sai a lokacin na tuna. Tun ina ƙarama ni ake turawa in share shi, ko in kai wa Baba ruwan zafi.

Na bari aka ci abincin biki a ganyen ayaba, baƙi suka watse, sannan na gaya wa Baba. Ya tashi ya je kicin inda Inna take, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Bhargavi, in gani?" A nan kan tabarma ta bari ya duba. Ya taɓa wurin a hankali, ya tura shi gefe ya ga ba ya motsi, ya daɗe hannunsa na nan.

"Arbuda ce," ya ce. Sunan da tsofaffin littattafansu ke kiran irin wannan tsiron ke nan. Mu a asibiti sankara muke cewa. "Ta yi saiwa. Gobe za mu bi jirgin ƙasa na safe zuwa birni."

Inna ta ɗago ta dube shi. "Ba nan za ka yi mini ba?"

"Wannan ta wuce tukunyata."

Likitar da aka haɗa mu da ita a babban asibitin sunanta Rahel, 'yar siririya mai saurin magana, ba ta girme ni ba. Bayan an yi hoto an ɗebi tsoka an auna, ta ce za a fara da ƙarin ruwan magani don abin ya motse, sannan tiyata, sannan a gasa wurin da na'ura. Sai ta juya ga Baba.

"Baba, an ce kai mai magani ne. Me ka fara ba ta?"

Ya faɗa mata: gangamau da ya tace ya yi ƙarfi, ruwan ɗaci na darbejiya da wasu saiwoyi, man shanu da aka dafa da magani.

"Duk a dakata."

"'Yata, jikin nan wuta ke cinsa. Kumburin da ya daɗe a ciki shi ke share wa irin wannan abu wurin zama. In ban sanyaya shi ba fa?"

"Ban musa maka ba. Mu ma muna maganar daɗaɗɗen kumburi, har gangamau ɗin naka ana ta bincike a kansa. Amma hantarta guda ce. Nawa maganin ta can zai bi, naka ma ta can. In ta gaji ba zan san wanne ya gajiyar da ita ba, kuma nawa zan tsayar. Kana so in tsayar?"

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To me kika rage mini?"

"Me kake da shi wanda ba a haɗiyewa?"

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun ranar biki. Suka zauna suna ja kamar masu ciniki a kasuwa. Ta yarda da ruwan kurkure baki, da mai a tafin ƙafa da tsakar ka, da kunun shinkafa da 'yar citta. Gangamau kuwa ta ce a zuba a miya yadda kowa ke zubawa, kada a wuce haka.

Na rubuta wa wurin aikina na ajiye, na zauna gida. Wani jan ruwa ake ɗura mata ta jijiya, in mun dawo ta yi kwanaki tana amai, bakinta ya cika da gyambo, gashinta ya biyo mataji. Baba ya rage ganin marasa lafiya. Da asuba zai dafa ruwan kurkure bakin, ya tace, ya ɗanɗana da kansa. Ya dama kunun ya zauna yana lallashinta cokali bayan cokali. In zafin ƙafa ya hana ta sakat, ya ɗora ƙafafun a cinyarsa ya yi ta shafa mai har ta yi barci. A ɗakin ƙarin ruwa matan da ke gadajen kusa suka fara tambaya me take kurkurawa da har take iya cin abinci, sai ya riƙa tafiya da kwalba biyu, bayan ya nuna wa Likita Rahel.

Moidu mai kifi, abokin Baba tun suna makarantar firamare, kullum sai ya tsaya da kekensa a ƙofar gida.

"Sarkin Ɗaci! A shagon shayi ana cewa ka kai matarka wurin masu farar riga. Wai in kai ba ka yarda da tukunyarka ba, su me zai sa su sha?"

"Ka ce musu in tasu matar ce ma can zan kai ta. Kai kuma matsa da ƙarninka, tana jin tashin zuciya."

"Ƙarnin nan shi ya biya maka gwiwata shekara da shekaru, marar godiya." Ya ajiye ƙananan kifi a ganye ya ce na Bhargavi ne, kada tsohon nan ya taɓa.

Bayan tiyata hannunta na hagu ya kumbura tun daga kafaɗa har yatsu, ya yi nauyi kamar gungume. A asibiti an koya mana naɗe shi da bandeji da shafa shi sama-sama, ba murza ba. Baba ya ce wannan kam aikinsa ne. Ya wanke gadon katakon, ya ɗumama mai, ya zo ya kama ta suka ratsa tsakar gida. Suna isa matakalar ɗakin magani ta tsaya cak.

"Ba zan shiga ba."

"Shafa ce kawai, Bhargavi."

"A nan na zauna ranar da babanka ya ƙona uwata."

Ina tsaye a bayansu da kwanon man. Baba ya juyo ya dube ta. Ya ce, "Ni na riƙe mata ƙafafu. Na ɗauka kin yi ƙanƙanta da ki tuna."

"Na gan ka. Ka fito da gudu ka yi amai a bayan ayaba, kana kuka ka fi ni. Shi ya sa da aka kawo maganarka gidanmu ban ce a'a ba."

Duk zamansu ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani wannan zancen. Ya ce mini in shimfiɗa tabarma a baranda. A nan ya riƙa yi mata, safe da yamma, har hannun ya saɓe ta koma iya ɗaura zanenta da kanta.

Mun samu shekara guda mai daɗi. Gashinta ya fito fari tas, a nannaɗe, tana ta duba madubi tana cewa an musanya mata kai a asibiti. Ta koma ɗakin Baba. Likita Rahel ta yarda ya dawo da wasu daga cikin magungunansa, tana auna hantar lokaci zuwa lokaci. Sannan ciwon baya ya fara. Hoto ya nuna abin ya shiga ƙashi. Aka sake gashi, aka sake wasu ƙwayoyi, daga baya likitar ta zaunar da mu ta faɗa mana gaskiya. Inna ta ce gida take so. Masu jinyar gida suka riƙa zuwa da motarsu suna kawo maganin kashe zafi, Baba da hannunsa yake ba ta a kan lokaci, bai taɓa cewa uffan a kai ba.

Ta rasu da rana tsaka, ana ruwan sama, yatsunsa na kan wuyan hannunta. Daga baya ya gaya mini yadda ya ji jijiyar a ƙarshe. Ba maciji ba ce, ba kwaɗo ba. Sai ta yi gudu kamar mai neman ƙofa, ta tsaya, ta daɗe har ya ce shi ke nan, sai ta dawo a hankali. Ta yi ta yin haka, har tsayawar da ba ta dawo ba. Muka ƙone gawarta bisa al'adarmu a kudancin gida da itacen mangwaro, muka kai tokar kogi.

Da kwanakin makoki suka wuce ya buɗe ƙofa ga marasa lafiya. Ta farko wata tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da ya daɗe yana dubawa. Ya riƙe hannunta, ya lumshe ido, sai na ga ya buɗe su da sauri ya saki hannun. Ya ce ta je birni a yi mata hoto. Na biyu mai tari ne, shi ma haka. Kafin mako ya ƙare ya tura kusan duk wanda ya zo.

Moidu ya shigo yana ɗingishi ya miƙa nasa. "To ni ma duba, Sarkin Ɗaci. In birni za ka tura ni, ka haɗa da kuɗin jirgi."

Baba ya riƙe. Fuskarsa ta canza. "Moidu, ka je a duba ka."

"Kai, wallahi gwiwa ce. Gwiwar da ka sani."

"Na ce ka je."

Moidu ya daina dariya. Ya dube ni, ya ɗauki kekensa ya tura shi da hannu har ya sha kwana.

Da yamma na tsare Baba. Ya kalli yatsunsa ya ce, "Bugun jijiyar uwarki nake ji. Duk hannun da na riƙe, in na ɗan jira, sai ya yi gudun nan, ya tsaya."

"Baba, kewa ce. Zai wuce."

"Kawo naki."

Na miƙa masa. Ban taɓa jin yatsunsa da sanyi haka ba. Bai daɗe ba ya janye, ya tashi ya shige ɗaki. Washegari da kansa ya raka ni aka yi mini duk gwajin da ake yi. Ba a ga komai ba. Moidu ma ba a ga komai ba sai gwiwar. Mutane suka fara ɗauke ƙafa. Wa zai zo da ciwon kai a sallame shi da tsoron mutuwa?

Damina ta sake zagayowa. Wata rana bayan abincin rana ina tsince shinkafa a baranda, ruwa na zuba, sai na ji wani sauti daga ɗakin magani. Kamar mace ta cusa zane a baki tana danne kuka. Na san katako yana kumbura da laima ya yi ƙara, na sha ji a gidan nan. Na ajiye faifan na je. Baba na tarar a ciki, tsaye a gefen gadon, ya ɗora yatsunsa a kan katakon da mai ya baƙanta, idonsa a rufe.

"Ke ma kin ji?" ya tambaya bai juyo ba.

"Katako ne, Baba."

"Zo ki taɓa nan."

Ban taɓa ba. Na kama hannunsa na fito da shi, na sa wa ɗakin kwaɗo. Bai hana ni ba. Amma sautin bai daina ba. Duk ranar da ruwa ya yi ƙarfi sai na ji shi, in na dubi Baba in ga ya daina tauna.

Likita Rahel ce ta kira ni a waya. Ta ce, "Babanki ya cika mini layi da masu lafiya. Me ke faruwa?" Na gaya mata duka ban rage ba. Sai ta ce matan ɗakin ƙarin ruwa har yanzu suna tambayar tsohon nan mai kwalba. Ya zo mana ranar Laraba ya taimaka da baki da kumburin hannu da rashin cin abinci. Ba wanda zai ce ya riƙe jijiyar kowa, suna da na'urar yin wannan.

Ya ƙi da farko, daga baya ya yarda. Muka riƙa bin jirgin safe duk Laraba. Yakan zauna a ƙarshen gado ya ɗora ƙafar baƙuwar mace a cinyarsa yana shafa mai, yana faɗa wa mijinta yadda ake dama kunu. Duk abin da zai bayar sai likitar ta gani, wani ta yarda, wani ta ce a mayar jaka, su yi ta musu a baranda. Ya fara cin abinci sosai. Har ya koma zagin Moidu.

A cikin matan akwai Rejitha, tela ce, yarinya da ɗan goyo a gida, irin ciwon Inna gare ta. Bakinta ba ya shiru, har ana ɗura mata jan ruwan tana tsokanar ma'aikata. Wata Laraba da Baba ya gama da ƙafarta sai ta miƙo masa hannu.

"Baba, an ce kai kana ji a jijiya. Su likitoci sai kwana-kwana. Faɗa mini, zan ga yaron nan ya shiga makaranta?"

Baba ya kama tafin hannun, ba wuyan ba, ya juya shi ya ce, "Wannan hannun mai satar yadin mutane ne. Me kika ci da safe?" Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta yi, zancen ya wuce.

A jirgi muna dawowa, da muka hau gadar kogi sai ya juyo wurina. Ya ce, "Babban yatsana ya goga wurin."

"Ka ji?"

"Yana nan. Ya fi na kowa ƙarfi."

Daga ranar bai sake zuwa gadonta ba. In Larabarta ce sai ya ce jikinsa ba daɗi. Da aka gama mata magani aka sallame ta, bai tambayi labarinta ba, ni ma ban kawo masa ba. Na san a zuciyarsa ya riga ya yi mata makoki.

Shekaru suka ɗan shuɗe. Wata safiya ina shanya a tsakar gida sai ga keken haya ya tsaya a ƙofa. Mace ta fito, ta yi ƙiba, gashinta har kafaɗa, tana riƙe da nonon ayaba guda, yaro sanye da kayan makaranta yana biye da ita. Sai da ta yi magana na gane ta.

"Ina Baba mai kwalba? Na kawo masa ɗan makarantar ya gani. Gwajin bana ma tsaf, in ji Likita Rahel."

Na juya da murna zan kira shi. Yana zaune a baranda lokacin da keken ya tsaya, amma yanzu kujerar ba kowa. Na same shi a ɗakinsa a bayan ƙofa.

"Baba, Rejitha ce. Ta warke. Fito ka gan ta."

"Na gan ta."

"To ka ga? Abin da ka ji ba gaskiya ba ne. Ba mutuwar kowa kake ji ba."

Ya ɗago yatsunsa yana dubawa. "Na ji shi, Vilasini, kamar yadda nake jin muryarki yanzu. In ba nata ba ne, ba na Moidu ba, ba naki ba, to wa ke zuwa hannuna?"

Na koma waje na ce mata yana wanka. Ta zauna ta sha shayi, yaron ya yi ta bin kaji, ta jira har rana ta yi sama. Da ta gaji ta rataye ayabar a baranda, ta ce in gaya masa za ta ɗinko masa riga, in auno mata kafaɗarsa in aika.